Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Jawabin da wakilan reshe suka gabatar a taron mambobi bayan dawowarsu daga Gana



Mu huɗu wannan reshe ya zaɓa domin halartar taron ƙara wa juna sani na ƙungiyoyin malamai a birnin Accra, amma mu uku muka hau jirgi. Rahoton abin da aka tattauna a zauren taro mun riga mun miƙa shi ga Sakatare a rubuce, za a kuwa karanta shi a zama na gaba. Abin da Shugaba ya nemi mu yi yau shi ne bayanin tafiyar kanta, tun daga ranar da takardar gayyata ta iso har ranar da muka koma aji, domin waɗanda za a tura nan gaba su fara daga inda muka tsaya. Mun nemi izinin ɗan'uwanmu na huɗu kafin mu ba da labarinsa, ya ce mu faɗe shi ba tare da rufa-rufa ba. Muna yi masa godiya.

Takardar gayyata ta iso saura wata biyu a buɗe taro. Muka yi murna, muka sanar da iyalai, wasu har sun kai ɗinki. Sai da aka ci mako biyar sannan muka haɗu domin duba takardu, a nan ne aka gano fasfon ɗan'uwanmu ya daina aiki tun bara. Da ya je sabuntawa, sai aka tarar sunan da ke kan tsohon fasfonsa bai dace da wanda ke kan lambarsa ta ɗan ƙasa, wato NIN, ba. A ɗaya an rubuta sunansa da na mahaifinsa, a ɗayan an ƙara sunan garinsu, shekarar haihuwa ma ta bambanta. Ba a buga sabon fasfo sai bayanan biyu sun daidaita, gyaran kuwa yana da nasa layi da nasa kwanaki. Kafin a gama, ranar tashi ta wuce. Tikitin da aka saya masa irin mai rahusa ne wanda ba a mayar da kuɗinsa, kuɗin nan kuwa daga abin da ake yanka a albashinku duk wata ya fito. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Da mun zauna tun makon farko mun baje takardunmu a kan tebur, da Ma'aji bai sayi tikiti ba sai ya ga fasfo da idonsa, da yanzu mu huɗu ne tsaye a gabanku.

Wannan matsala ta suna ta fi kama mu 'yan Arewa, kuma ya kamata mu tsaya a kanta. Mutum ɗaya, sai ka ga Muhammad a takardar firamare, Mohammed a shaidar NCE, Muhammadu a fayil ɗin aiki, a banki kuma an gajarta shi. Mace ta yi rajistar jarrabawa da sunan mahaifi, ta yi katin zaɓe da sunan miji. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne, amma ga ma'aikacin da ke duba kwamfuta a filin jirgi, kama da wane ba ta wane. Saboda haka sunan da ke kan fasfo shi ne uwa: shi za a aika wa masu shirya taro, shi za a rubuta a tikiti harafi da harafi, kuma a bisa jerin da yake a fasfon. Kada a karanta wa mai sayar da tikiti suna ta waya. A ɗauki hoton shafin fasfo a tura masa, in ya buga a sake dubawa kafin a biya.

Fasfon Nijeriya iri biyu ne: mai shafi 32 da ke aiki shekara 5, da mai shafi 64 da ke aiki shekara 10. Ƙasashe da yawa da kamfanonin jirage suna son a ce ya rage aƙalla wata shida kafin ya ƙare, don haka fasfon da zai mutu nan da wata huɗu a lissafa shi cikin matattu. Ana cike takardar nema a biya kuɗi ta shafin intanet na Hukumar Shige da Fice, sannan a je a ɗauki hoto da zanen yatsu. Muna ba da shawara kowa ya biya da hannunsa ya riƙe rasit, ya bar 'yan kamasho da ke tare mutane a bakin ƙofa.

Takarda ta biyu ita ce wadda aka fi rainawa, alhali ita ce ke tsare abincin mutum: izinin barin aiki. Ƙungiya ce ta zaɓe ka, amma ba ƙungiya ce ta ɗauke ka aiki ba. Dokokin aikin gwamnati sun ɗauki barin wurin aiki ba izini a matsayin babban laifi, balle a ce barin ƙasa. Malamin firamare zai rubuta ta hannun hedimasta zuwa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, na sakandare kuma ta hannun firinsifal zuwa hukumar da ke sama, a haɗa da kwafin gayyata da wasiƙar ƙungiya. "Je ka, ba komai" da shugaba ya faɗa a baki ba ya shiga fayil. Ranar da masu duba makarantu suka zo suka tarar da gurbi a rajistar zuwa aiki, takarda ce kawai za ta yi magana. Ɗaya daga cikinmu ya yi sawu huɗu kafin amincewarsa ta fito, kuma bai yi da-na-sanin ko sawu ɗaya ba.

Tare da izini akwai hakkin aji. Kwana biyar aka ce taron zai ɗauka, amma da tafiya da dawowa sai da muka yi kwana takwas. Yaran da muka bari ba su san wata Accra ba, abin da suka sani shi ne ko akwai malami a gaban allo ko babu. Malamar da ke cikinmu ta fi mu dabara: ta rubuta shirin darasin mako guda, ta zauna da wadda za ta riƙe mata aji suka bi shi tare, ta kuma bar aikin gida da za ta duba in ta dawo. Mu biyun da muka ce wa abokan aiki "a ɗan leƙa mana" mun dawo mun tarar an leƙa ɗin kawai. In taro ya faɗo a makon jarrabawa, ra'ayinmu shi ne reshe ya duba wanda ba shi da ajin ƙarshe.

Sai katin rigakafin cutar shawara, mai launin ruwan ɗorawa. Gana na neman sa ga duk mai shiga, haka ma ƙasashe da dama ga wanda ya fito daga Nijeriya. Ana samun sa a ofishin lafiya na tashoshin shiga da fita, kamar wanda ke filin jirgin sama, bayan an biya ta intanet. Abin lura shi ne shaidar ba ta fara aiki sai kwana 10 bayan an yi allurar, don haka wanda ya je saura kwana uku ya makara. Daɗin abin kuwa, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar cewa allura ɗaya ta isa har tsawon rai. Akwai masu sayen kati ba tare da an yi musu allura ba. Mu malamai ne, mun san sunan wannan a ɗakin jarrabawa, kuma sauro ba ya karanta kati.

Zuwa Gana ba ya buƙatar biza, saboda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya zauna har kwana 90. Amma kada wannan sauƙi ya ruɗe mu, domin ba kullum za a kira mu maƙwabta ba. Ƙungiyarmu ta ƙasa, wadda aka kafa a 1931, mamba ce a tarayyar ƙungiyoyin malamai ta duniya, Education International, mai hedkwata a Brussels ta Beljiyam da ofishin Afirka a Accra, kuma manyan tarukanta sun kai wakilai Bangkok a 2019 da Buenos Aires a 2024. Wanda aka gayyata Beljiyam ko Faransa ko Jamus zai nemi bizar Schengen. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida, kuma bai kamata a wuce saura kwana 15 ba. Amsa takan fito cikin kwana 15, tana iya kaiwa 45, samun ranar ganawa ma wani jira ne daban. Kuɗin nema yuro 90 ne tun watan Yuni na 2024, kuma ba a mayarwa ko an hana. Za a nemi inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da fasfon da zai ƙara aƙalla wata uku bayan ranar fita, mai shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba, da shaidar masauki, da bayanin asusun banki. A nan muna jan kunne: kada a ranto kuɗi a zuba a asusu saura mako guda. Masu dubawa sun san albashin malami. Albashi ƙarami da ke shiga a kai a kai, tare da wasiƙar da ta bayyana wanda ya ɗauki nauyin tafiya, ya fi tarin kuɗin da ba a san asalinsa ba.

Tunda mun taɓo gayyata, ba kowace takarda mai tambari ce gayyata ba. Akwai masu aiko saƙo cewa an zaɓe ka halartar taro a Amurka ko Ingila, ka biya kuɗin rajista kawai su kuwa za su yi sauran. Duk gayyatar da ba ta biyo ta sakatariyar jiha ko ta ƙasa ba, a kawo ta ofishin reshe a bincika kafin a fitar da ko kwabo. Haka nan wakilin da ya je ya ƙi dawowa, ya sani ya rufe ƙofa ne ga duk malamin da zai nemi biza da wasiƙar ƙungiyar nan bayansa.

Batun kuɗi shi ne ya kusa haɗa mu faɗa, don haka za mu faɗe shi dalla-dalla. Takardarmu ta ce masu taro sun ɗauki nauyin masauki da abinci. Muka fahimci abinci sau uku, ashe karin kumallo da na rana ake nufi, na dare kowa da aljihunsa. Motar da za ta ɗauke mu daga filin jirgi ma ba ta cikin lissafi. Tun kafin a tashi a rubuta a tambaya: wa zai biya tikiti, kuma saye za a yi mana ko mu saya a mayar mana? Daren da ya gabaci taro da wanda ya biyo baya suna cikin kuɗin masauki? Akwai kuɗin guzuri, nawa ne, yaushe za a bayar? Ba abin kunya ba ne, waɗanda suka saba tafiya haka suke yi. In mayarwa za a yi, galibi sai an nuna katin shiga jirgi, saboda haka kada a yar da shi a kujera. Kuɗin Gana sidi ne. Mun tafi da 'yan daloli, muka canza kaɗan a filin jirgi domin mota da ruwa, sauran muka canza a cikin gari a wurin canji mai lasisi, inda farashi ya fi kyau. Wanda ke son dogara da katin banki ya je bankinsa tun da wuri ya tambaya ko katin zai yi aiki a waje da kuma iyakar abin da zai iya kashewa. Kada a tara kuɗi duka a aljihu ɗaya.

Hanya kuwa, daga nan sai an bi ta Abuja ko Legas. Kuskurenmu shi ne mun sayi tikiti biyu daga kamfani biyu, muka bar awa uku kacal a tsakani. Jirgin farko ya yi jinkiri, muka isa muna haki ana shirin rufe awon kaya. Da mun rasa na biyun, ba wanda zai biya mu, domin kamfanin bai san da zaman tikitin farko ba. A Legas ma ɓangaren jiragen cikin gida daban yake da na ƙasashen waje, sai an shiga mota. In da hali a sayi tafiyar duka a tikiti ɗaya, in babu a kwana a garin da za a tashi. Wannan ya fi zama dole tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da hazo kan hana jirage sauka da tashi a Arewa. A isa filin jirgi awa uku kafin tashi. Akwai masu bin mota daga Legas ta Kwatano da Lome, ya fi araha, amma iyaka uku za a ƙetare, ta Seme da Hilakonji da Aflao, kuma wanda ya kwana a hanya ba zai fahimci jawabin buɗe taro ba. A tuna kuma agogon Gana yana bayan namu da awa ɗaya, lokacin da ke kan tikiti kuwa na garin da ake ciki ne. Ɗayanmu ya yi zaman awa guda shi kaɗai a zauren taro ranar farko yana mamakin rashin kiyaye lokacin mutane.

Yanzu ga maganar da muke so iyalanmu su ji da kyau, tunda wasunsu na nan kuma sauran za su karanta. Da an ji mutum zai fita waje, sai saƙo ya fara zuwa: wannan ƙulli na ɗiyar wane ce da ke aure a can, wannan leda magani ce kawai. Duk abin da ke cikin jakarka naka ne a idon doka, "ba ni aka yi" kuwa ba ta fid da kowa a gaban jami'an kwastan. Mun yanke shawara tun farko cewa ba za mu karɓi saƙon da ba a buɗe a gabanmu ba, kuma an ji haushinmu, mun haƙura. A wurin awo ka tsaya ka ga adadin jakunkunan da aka rubuta da sunanka, ka karɓi 'yar takardar shaidar kowace ɗaya ka adana. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari ya ɗauki wanda zai ishe shi har da ƙarin kwanaki, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, kuma a jakar hannu. A nan ne kuma za a sa fasfo da gayyata da caja da batirin ajiyar wuta da kaya sawu ɗaya, ko da babbar jaka za ta yi ɓatan hanya. Abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu, turaren ɗayanmu a nan ya kwana. Mai zuwa Turai ya bar kilishi da dambun nama da man shanu a gida, domin an hana shiga da nama da kayan madara. Kafin a fita a bar wa gida kuɗin cefane, da kwafin fasfo, da lambar masauki da ta wani abokin tafiya.

Accra dai ba ta yi mana baƙunta sosai ba. Kakanninmu fatake Ankara suke kiranta, har wata gwaggo da aka gaya wa inda za mu ta yi ta addu'ar Allah ya kare mu daga sanyin Turkiyya. A unguwar Nima da Sabon Zango mun ji Hausa a kasuwa da masallaci, mun sha koko da ƙosai, mun ci shinkafa da wake da tuwon zafi. Malamin Hausan da ke cikinmu ya cika rabin littafi da yadda Hausar can ba ta cika bambanta namiji da mace ba. Duk da haka baƙo baƙo ne. Mun riƙa yawo da kwafin fasfo da katin otal, muna yin cinikin kuɗin tasi kafin mu shiga, kuma ba wanda ya fita da dare shi kaɗai. Wanda zai je Turai ya nemi jadawalin lokutan salla na garin, domin a Brussels rana takan kai kusan ƙarfe goma na dare kafin ta faɗi a watan Yuni, a Disamba kuwa kafin biyar ta faɗi. Ya kuma sanar da masu taro irin abincin da yake ci tun a takardar rajista.

A zauren taron ma akwai goran da ake fafewa tun a gida. An aiko mana da ajanda da takardu saura mako biyu, ɗaya ne kawai cikinmu ya karanta. Ranar farko aka ce kowace tawaga ta faɗi adadin mambobinta, da yawan yara a aji, da yadda ƙarin girma ke tafiya. Wakilan wata ƙasa suka zaro takarda guda mai ɗauke da komai, mu kuwa muka shiga bugo wa Sakatare waya. Wakili ya tafi da alƙaluman reshensa a rubuce, da matsayin da reshe ya amince ya faɗa da sunansa. In akwai masu jin Faransanci za a raba na'urar tafinta, a karɓa tun a ƙofa, in za a yi magana kuma a yi ta a hankali domin tafinta ya samu bi. Mun raba zaurukan tattaunawa a tsakaninmu, kowane dare muka zauna rabin awa muka haɗa abin da kowa ya rubuta. Wannan ne ya sa rahotonmu ya fito cikin mako biyu da dawowa, tare da rasit na kowane abin da aka kashe da kuma canjin da ya rage, wanda muka mayar wa Ma'aji. Tsaraba kuwa mun yi daidai ƙarfinmu, waɗanda ba su samu ba su yi mana afuwa.

Malam Shugaba, muna roƙon zaman nan ya amince da abu biyu. Na farko, kada a ƙara sayen tikiti da kuɗin ƙungiya sai Sakatare da Ma'aji sun ga fasfo da katin rigakafi da takardar izini, an kuma ajiye kwafinsu a ofis. Na biyu, duk wanda aka zaɓa ya zauna da tawagar da ta gabace shi cikin mako guda da zaɓensa. Mu uku a shirye muke, kuma mun bar fayil a ofishin reshe mai ɗauke da samfurin wasiƙar neman izini da jerin tambayoyin kuɗi da muka ambata. Sauran 'yan'uwa kuwa, ko ba a zaɓe ku zuwa ko'ina ba, in kun koma gida ku fito da takardar NIN da shaidar karatu da takardar ɗaukar aiki ku jera su ku duba suna da ranar haihuwa. Ɗan'uwanmu na huɗu ya karɓi sabon fasfonsa a makon jiya, mai shekara 10, kuma ya ce duk mai son sanin matakan gyaran suna ya same shi bayan an tashi.